Kwana Biyu a Cikin Badala: Sawun Iyayenmu Mata a Kasuwancin Kano



Muna godiya ga Allah da Ya nuna mana zagayowar ranar kafa wannan ƙungiya lafiya. A taron shirin biki kwamiti ya ce bana kada a tsaya kan anko da rabon shinkafa kawai, a sa wani abu na tarihi a mujallarmu, tunda yanzu alhamdu lillahi da yawanmu muna iya karantawa da kanmu. Aka zaɓi wasu daga cikinmu aka ce mu shiga cikin birni mu yi Asabar da Lahadi, mu duba, mu tambaya, mu rubuto. Muka nemi izini a gida, wata 'yar'uwa ta ce mu sauka a gidan iyayenta kusa da Jakara. Malamarmu ta ajin yaƙi da jahilci ta raka mu da littattafai biyu a jaka, Labarun Hausawa da Maƙwabtansu da Kano ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji, duk inda muka tsaya ta buɗe ta karanta mana, wani wurin kuma ta miƙa wa ɗayarmu ta ce ita ta karanta.

Tambaya ɗaya muka riƙe. Kullum ana faɗin Kano cibiyar ciniki ce, ana lissafa attajirai da madugai, duk maza. To da can ina mata suke?

Dala

Da Dala muka fara tun rana ba ta yi zafi ba. Adaidaita sahu ya sauke mu a gindin dutsen, muka kama matakala, masu ciwon gwiwa suna hutawa suna salati. Wadda ba ta taɓa hawa ba ta daure ta hau ko sau ɗaya ne, don daga can sama ake gane yadda garin nan ya zauna. Ga Goron Dutse can gefe, ga hasumiyoyin babban masallaci ta wajen kudu, ga rufin kwanon Kurmi a tsakani, gidaje sun cushe ko'ina kamar an zuba gero a faifai.

Masana sun ce tun wajen ƙarni na 7 akwai mutane a gindin dutsen nan suna haƙar tama suna narka ƙarfe. Wato kafin a yi sarki a Kano an riga an yi maƙeri, kuma duk inda aka ƙera fartanya sai an sami mai saye. Tarihin sarakuna ya kawo labarin Barbushe mai kula da tsafin Tsumburbura, sannan zuwan Bagauda wanda ya yi mulki daga 999 zuwa 1063. Sarki Gijimasu (1095 zuwa 1134) shi ya fara ginin ganuwa, ɗansa Tsaraki ya ƙarasa. A zamanin Sarki Yaji (1349 zuwa 1385) Wangarawa suka zo daga Mali da addinin Musulunci, mutane ne masu karatu kuma masu fatauci, ga unguwar Madabo nan kusa da Dala har yau ana jingina ta da su. Sarki Abdullahi Burja (1438 zuwa 1452) ya buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja, hanyar da goro ya biyo. A zamanin Yakubu da ya zo bayansa gishiri ya wadata a ƙasar Hausa, Barebari da Larabawa suka yawaita.

Daga saman Dala muka yi ta neman ganuwar da ido. Sai guntu nan, guntu can. Wani wuri ruwan sama ya cinye, wani wuri an ɗebe ƙasar an yi gini, wani wuri shaguna ne a kai. Ginin da aka fara kusan shekara 900 da suka wuce, mu ne za mu ga ƙarshensa in ba a tashi tsaye ba.

Kurmi

Daga Dala muka gangaro ta lunguna zuwa Kasuwar Kurmi. Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ne ya kafa ta, a gefen kurmin da ke bakin Jakara, daga nan ta samo sunanta. Rumfan nan shi ya gina gidan sarki na yanzu, ya faɗaɗa ganuwa, ya kawo kakaki da figini, kuma a zamaninsa Shehu Magili ya sauka a Kano ya rubuta masa littafi kan yadda sarki zai riƙe jama'a. Tarihi ya ce shi ne kuma ya fara kulle a Kano. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Abin da ya fara ba mu sha'awa sunayen unguwannin da ke kewaye da kasuwar. Kullum muna jin su a bakin 'yan adaidaita, ashe kowane suna labari ne. Alfindiki daga kalmar Larabci ta masaukin fatake aka samo shi. Alkantara gada ce da Larabci, ta kan Jakara. Dandalin Turawa ba na Nasara ba ne, Larabawan Tarabulus da Gadamas ne, don su aka fara kira Turawa. Ga Agadasawa, ga Zangon Barebari, ga Tudun Nufawa, ga Ayagi ta Yarabawa, ga Sharifai. Kowane baƙo da unguwarsa, kowane ayari da fatoman da zai sauke shi, ya adana masa kaya, ya nemo masa dillali. Nan Hajiya Ma'aji ta tsaya ta ce, "To wa ke dafa wa ayarin nan abinci? Mutum ɗari da raƙumansu su sauka wata uku, fatoma ne zai shiga madafi?" Muka yi dariya, amma magana ce. Daka da niƙa da tuƙin tuwo da damun furar baƙin nan duk a cikin gida aka yi su, kuma da su fatoma ke riƙe baƙonsa kada ya koma gidan wani baɗi.

Kurmi ta yau lunguna ce matsattsu, in mai kura ya taho sai kowa ya manne da bango. Akwai layin dukawa da jakunkuna da takalma, masu sirdi da linzami da kayan adon doki, masu ƙwarya da ludayi, 'yan koli, masu turaren wuta da kayan ƙamshi, masu tasa da kayan tagulla, masu littattafan addini da allo. Amma manyan kuɗi sun fita waje, sun koma Kantin Kwari da Singa da Sabon Gari da Dawanau. Wani dattijo mai sayar da sirdi ya ce mana, "'Ya'yana, mu sai Sallah ta matso muke ganin ciniki, in za a yi hawa." Muka ce, "Allah Ya kawo kasuwa, Baba."

A shekarar 1824 wani Baturen Ingila, Kyaftin Clapperton, wanda ya sa wa kansa suna Abdullahi, ya zo Kano ya rubuta abin da ya gani a kasuwar nan. A Gidan Makama aka ba mu labarinsa. Ya ce kasuwa ce mai tsari, kowane kaya da layinsa, akwai shugaban kasuwa da ke ba da hayar rumfuna. Ya ce in an gama ciniki mai sayarwa yakan mayar wa mai saye kashi biyu cikin ɗari na kuɗin a matsayin albarka. Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne maganar ƙunshin tufa. In an naɗe riga ko turkuɗi, sai a sa sunan dillali a cikin ƙunshin. Ko Barno aka kai, in aka kwance aka tarar da aibi, dawo da shi za a yi, dillalin nan ya nemo mai kaya a mayar da kuɗi. 'Yan'uwa, shekara 200 ke nan, ba waya, ba mota, amma mutum ya sayi kaya a rufe ya ɗora wa jaki ya yi tafiyar wata guda hankalinsa kwance. Takarda ɗaya mai suna ita ta riƙe cinikin nan.

Korama

A nan muka sami amsa ta farko. A Kurmi ta da akwai sarauta ta mace, ana ce mata Korama. Ita ce shugabar mata masu awon hatsi, kuma tana da alaƙa da fada. Ku duba nauyin wannan. Gero da dawa su ne ran gari, in mudu ya lalace talaka ne zai kwana da yunwa, kuma mace aka ɗora a kan wannan layi. Da yawanmu masu awo ne, mun san abin da ake yi da gindin tiya, mun san bambancin hannun da ke tsoron Allah da wanda ba ya tsoro. Ashe sana'ar tamu tana da tsohuwar sarauta, mu ne ba mu sani ba. Mun tambayi matasa a kasuwar ko sun san Korama, wani ya ce ai ƙorama ruwa ce mai gudu.

Haraji

Malama ta karanta mana labarin sarakuna biyu a inuwar wata rumfa. Sarki Muhammadu Sharefa (1703 zuwa 1731), wanda a zamaninsa wuri ya fara shigowa ƙasar Hausa a matsayin kuɗi, ya ƙirƙiro haraje-haraje iri iri, har da na kasuwa. Ɗansa Kumbari (1731 zuwa 1743) ya ƙara matsawa, ya tatsi Kurmi har ta kusa mutuwa, ya sa har malamai su biya. Larabawa suka kwashe kayansu suka koma Katsina, talakawa suka watse ƙauyuka. Da ta kai nan sai muka kalli juna. Wacce ce a cikinmu ba ta san ranar da masu yankar rasit za su zo mata kashi uku kafin ta yi cinikin fari ba? Ba mu ce kada a biya haraji ba, gari ba ya tafiya sai da shi. Amma tarihin Kano da kansa ya nuna in aka tatsi kasuwa fiye da ƙima, mai ƙarfi tashi yake ya bar gari, mai ƙaramin jari kuma ya karye. Shi ya sa muke ganin maganar da ake yi ta mu riƙa zuwa da murya ɗaya, da rasit ɗinmu a hannu, ba ƙaramar magana ba ce.

Abin da ba shi da daɗin ji

Akwai abin da ba za mu tsallake ba. A kasuwar nan an sayar da mutane. Clapperton ya ga dogayen rumfuna biyu, ɗaya ta bayi maza, ɗaya ta mata, an jera su ana dubawa kamar yadda ake duba dabba. Da yawa daga waɗanda aka ƙetara da su hamada 'yan mata ne. Wasu kuma a nan aka bar su, su ne masu dakan nan da ɗebo ruwan nan da muka ambata. Ba a rufe wannan kasuwa ba sai bayan da sojojin Gwamna Lugga suka shiga Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, lokacin Sarki Alu yana hanyar Sakkwato. Da muka ji wannan jikinmu ya yi sanyi. Wata a cikinmu ta ce kakar kakarta ma kamo ta aka yi, ba wanda ya san garinsu har ta rasu. Muka yi musu addu'a a tsaye a wurin. In za a faɗi arzikin Kano, a faɗi har da guminsu.

Gidan Makama da ƙofar fada

Bayan azahar muka tafi Gidan Makama. Gida ne na ƙasa tun ƙarni na 15, an ce Rumfa ya zauna a ciki kafin ya hau sarauta, yanzu gidan adana kayan tarihi ne. Ku ga bangon nan mai kauri, ku ga daurin guga da azara a sama, waje ana zafi ciki kuwa sanyi ƙalau ba fanka. Akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, da sulke da kayan yaƙi, da hotunan Kano ta da, da ɗakin amarya irin na iyayenmu da jeren tasoshi. Ma'aikacin wurin ya fara karanta mana rubutun da ke jikin bango, sai Shugaba ta ce, "Malam, dakata, bari mu gwada." Muka karanta na Hausar da kanmu, a hankali, muna haɗa baƙi. Ya tsaya yana jira har muka kai ƙarshe.

A nan muka ji labarin Madaki Auwa, matar Rumfa, mahaifiyar Sarki Abdullahi (1499 zuwa 1509). Tarihi ya ce lokacin da ɗanta ya fita yaƙi, Dagaci ya shirya tawaye a cikin gari, ita ce ta tare abin da ƙarfin faɗa a jinta har sarki ya dawo. A zamanin jikanta Kisoki ma ana jin maganarta, ita da Iya Lamis mahaifiyarsa. Har yau mahaifiyar sarki tana da matsayinta, Mai Babban Ɗaki.

Muka taka zuwa Ƙofar Kudu muka tsaya daga waje. An gaya mana wata mai bincike 'yar Amurka, Heidi Nast, ta daɗe tana shiga cikin gidan nan tana hira da matan fada, ta fitar da littafi a 2005. Ta nuna cewa sadakun sarki su ne ke kula da hatsin da ake tarowa daga ƙasa, su san abin da ya shigo da abin da ya fita, jakadu mata suna kai saƙo tsakanin ciki da waje. Ta kuma gano a da akwai marina a cikin gidan sarki, mata ne ke riƙe da ita. Kun ga kullen da Rumfa ya fara bai hana matan cikin gida riƙe rumbu da lissafi ba.

Daren Asabar da safiyar Lahadi

Muka kwana a cikin lungu. Inna mai gidan ta tarbe mu da tuwon dawa da miyar kuka, aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida aka yi ta hira har dare ya raba. Ta ce tana yarinya kowace mace a gidan nan tana da mazari da taskira, da an gama aikin rana sai kaɗi. Ta shiga ɗaki ta fito da mazarin mahaifiyarta ta nuna mana yadda ake shafa alli a yatsa a murza. A cikinmu mutum biyu kaɗai suka iya.

Tun kafin asuba muka ji ƙamshin gurasa. Jakara ta yi suna a gurasa, abinci ne da ya zo tare da Larabawa, mata ne ke yin ta a cikin gida. Muka leƙa wani gida muka tarar da tanderu a jere, wuta na ci, mace ta naɗe hannu da tsumma tana manna ƙulli a jikin tanderun tana zaro wanda ya gasu, masu sari maza suna jira a zaure da kwanduna. Ga koko, ga ƙosai, ga waina, ga ɗanwake, kowane gida da abin da yake fitarwa. Wannan ita ce kasuwar da ba ta da rumfa, kuma ta girmi duk wani kanti a garin nan. Mace tana ɗaki, kuɗinta na yawo a gari, da shi take zubin adashi, ta yi biki, ta tara wa 'yarta kayan ɗaki.

Sai dai ƙafar wannan kasuwa yara ne. Muka ga 'yan mata ƙanana da faranti a ka suna fita talla, muka tuna kanmu. Yawancinmu haka muka tashi, farantin ne ya koya mana lissafi da canji, shi ne kuma ya hana mu aji, sai da muka haura arba'in muka zauna a benci muna koyon a, ba, ca. Ba mu zargi iyayenmu ba, abin da suka tarar ke nan. Amma mu da muka ɗanɗana duka biyun, mun san wanda za mu zaɓa wa 'ya'yanmu.

Marinar Ƙofar Mata

Da hantsi muka isa karofin Ƙofar Mata, wanda ake cewa tun 1498 yake. Rijiyoyin rini sun haura ɗari, amma kaɗan ne ke aiki, sauran an rufe wasu, wasu shara ta cike. Wani tsoho marini ya zaunar da mu ya yi mana bayani. Ana shafe cikin rijiya da laso, wanda ake haɗawa da katsi da gashin dabba da dafara, don kada ta tsotse ruwa. A zuba ruwa da toka da baba, a bar shi kwanaki yana ruɓa, ana motsawa da doguwar muciya har kumfa ta taso. In aka tsoma zane aka ɗago, kore-kore yake fitowa, sai ya sha iska ya koma shuɗi a gaban idonki. A mayar, a ɗago, a mayar, gwargwadon duhun da ake so. In baba ya mutu a kwashe abin da ya kwanta a ƙasa a ƙona, shi ne katsin da za a sake amfani da shi, ba abin da ake zubarwa. Daga nan sai mabuga, inda ake shimfiɗa zane a kan gungume ana dukansa da manyan sanduna har ya yi ƙyalli. Turkuɗin da Buzaye ke naɗawa, wanda garin Kura ya yi suna a kai, haka ake yin sa, ana bugawa da shuni.

Muka ce, "Baba, wa ke yin wannan ɗaurin mai kama da rana da taurari?" Ya ce, "Ai ku ne, Hajiya. Cikin gida ake kai farin, mata su ƙulla da zare, mu namu tsomawa ne."

A 1851 wani Bajamushe, Dokta Barth, da ake kira Abdulkarim, ya sauka a unguwar Dala. Ya ƙiyasta mutanen birni 30,000, in lokacin fatauci ya yi su kai 60,000. Ya ce tufar Kano tana zuwa har Tarabulus da Tambutu, kuma abin da ake fitarwa a shekara ya kai na wuri miliyan 300, alhali iyali guda za su iya shekara cikin wadata da wuri 50,000 zuwa 60,000. Nan take Hajiya Ma'aji ta zaro biro ta buga a bayan littafinta, ta ce cin gida 5,000 ke nan a shekara daga tufa kaɗai. To ku tsaya ku yi tunani. Masaƙi namiji ne, marini namiji, mabugi namiji, maɗinki namiji, madugu namiji. Amma zaren fa? Babu injin kaɗi a lokacin. Mace ce ta gurje auduga, ta shiɓe ta, ta kaɗa zare da abawa a mazari, dare da rana. Duk rigar da ta ƙetare hamada daga hannun wata mata ta fara, a wani ɗaki, a gaban fitilar aci-bal-bal. Sunan dillali ya shiga ƙunshi, nata bai shiga ko'ina ba.

Sarari

Muka rufe da Sarari da Koki, unguwar Alhaji Alhassan Ɗantata. An haife shi a Bebeji a 1877, cikin Agalawa masu fataucin goro. Mahaifiyarsa Amarya ita ma 'yar kasuwa ce mai dukiyarta. Bayan rasuwar mahaifinsa ta tafi Ankara ta ƙasar Gana ta ci gaba da ciniki, ta bar yara a hannun wata tsohuwar baiwa mai suna Tata. Tatar nan ita ta rene shi, a hannunta ya koyi tattali da ajiya a asusu, kuma sunanta ne ya bi shi. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, ya shiga da ƙarfinsa. Da aka buɗe banki a Kano a 1929, an ce raƙumi 20 ne suka kai masa kuɗin azurfa ajiya. Ya rasu a 1955, kuma Aliko Ɗangote tattaɓa-kunnensa ne ta wajen uwa. Duk mai faɗin Ɗantata yau sunan Tata yake faɗa, ko ya sani ko bai sani ba. Cikin dubban mata irinta da suka yi bauta a garin nan, ita Allah Ya tsare wa suna.

Abin da muke roƙon taro

Mun dawo da buƙatu huɗu, muna so a tattauna su a babban taro.

Na farko, a sayi babban littafi mai bango, a rubuta sunan duk matar da ta kafa wannan ƙungiya da sana'arta da abin da ta fara zubawa, musamman waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, tun masu tunawa suna raye. Kowace kuma ta je ta tambayi mahaifiyarta ko kakarta sana'ar da aka yi a gidansu, ta rubuto ko shafi ɗaya ne. Wadda hannunta bai faɗa ba tukuna, 'yan ajinmu za su zauna da ita.

Na biyu, duk kayan da ke fita da sunan ƙungiya, man gyaɗa ne, ƙuli-ƙuli ne, yaji ne, daddawa ce, sabulu ne, a sa takarda da sunan wadda ta yi. In an sami aibi a dawo da shi a canza ba gardama. Masu awo kuma a zaɓi mace ɗaya mai amana ta riƙa duba mudu da tiya, in taro ya yarda mu kira ta Korama.

Na uku, duk wadda za a ba rancen jari, a tambaye ta 'ya'yanta mata suna zuwa makaranta? In talla ce ta hana, a zauna a duba yadda za a haɗa kayanta da na wata a rumfa ɗaya, yarinya ta samu ta tafi aji.

Na huɗu, ankon baɗi a yi shi da ɗaurin Ƙofar Mata. Mun tambayo farashi, mun kuma ga matan da ke ƙullawa. Kuɗin da za mu kai wa atamfar waje, gara ya shiga lungun da muka kwana.

 Allah Ya jiƙan iyayenmu mata da suka yi kaɗi da daka da awo a garin nan, waɗanda aka sani da waɗanda ba a sani ba. Allah Ya sa albarka a jarinmu, Ya raba mu da bashin da ba za mu iya biya ba, Ya shirya mana zuriya, Ya kai mu baɗi da rai da lafiya. Amin.